Muryar yaro ɗaya: kundin aikin karatu a makarantu uku na Damagaram

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

An koma lekol, wato makarantar boko, ran Litinin, 28 ga Oktoba, kusan wata guda bayan lokacin da aka saba. Ruwan bana ne ya ja haka. Duk wanda ya ga yadda tsohon masallacin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya zube a farkon Satumba ya san abin da daminar nan ta yi wa ginin ƙasa, kuma akwai azuzuwan da sai da aka jira mutanen da suka fake a ciki suka samu wurin komawa. Saboda haka zaman da muka shirya tun farkon Oktoba sai yau muka yi shi, mu bakwai, a inuwar dogon yaro.

Aikina shi ne bai wa malaman firamare shawara kan koyarwa. Na daɗe riƙe da alli kafin a ce in riƙa zagaya makarantu a kan babur. Sauran shidan malaman ajin CP ne da CE1, wato aji biyu da aji uku na firamare, daga makarantu uku: ɗaya a tsakiyar gari, ɗaya a bakin gari inda rabin azuzuwan na zana ne, ɗaya a wani ƙauye a hanyar Mirya. Huɗu daga cikinsu ƴan kwantiragi ne. Mun yi alkawari ba za a ambaci sunan malami ko na yaro ko na makaranta ba, kuma a kan haka zan tsaya.

Abin da ya tara mu tambaya ɗaya ce. Yaya yaro zai shekara biyu ko uku yana zuwa aji kullum, yana amsawa da ƙarfi har ana ji daga titi, amma in aka miƙa masa takarda shi kaɗai sai ya yi tsuru? Gwajin PASEC, wanda ƙasashe masu amfani da Faransanci ke yi tare, ya nuna a 2014 cewa a Nijar ko yaro ɗaya cikin goma bai cika ba da ya kai matakin karatun da ake so a ƙarshen firamare. A 2019 an kai kusan uku cikin goma. An ci gaba, amma sauran bakwan nan suna zaune a azuzuwanmu, kuma muna kiran sunayensu kowace safiya.

Mun tsayar da abu uku. Za mu saurari kowane yaro yana karatu shi kaɗai. Za mu ƙara awa guda da yamma, sau uku a mako, a raba yara gwargwadon abin da suka iya. Sannan za mu riƙa shiga darasin juna. Kuɗin aikin daga aljihunmu ne: alli, kwali, da man babur.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ziyarar farko ta lalace, kuma daga wajena ne.

Na shiga ajin CP na bakin gari da takardar da na saba shiga da ita, mai gidaje-gidaje na sa alama, na zauna a baya na fara rubutu. Darasin ya tafi sumul. Madam, malamar ajin, ta karanta layin da ke kan tablo, wato babban allon aji, ta ce "repete", aji ya ɗauka gaba ɗaya, ta sake, suka sake. Ta tambayi yara huɗu, duk daga layin gaba, duk suka amsa daidai. Ina fitowa direkta ya ja ni gefe ya ce kwana biyu ke nan tana maimaita musu darasin nan saboda zuwana.

Na koma na same ta tana goge tablo. Na ce, "Madam, ai mun yi magana, ba maki na zo bayarwa ba." Ta kira ni da Mushe, yadda ake kiran malami namiji a lekol, ta ce, "Na ji. Amma ban taɓa ganin wanda ya shigo da takarda ya fita bai rubuta ni ba."

Tana da dalilinta. A 2017 an zaunar da malaman kwantiragi na ƙasar nan jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki, wasu kuma sun rasa aikinsu bayan haka. Duk wanda ya ratsa wannan shekara, ganin baƙo a bayan aji yana tayar masa da hankali. Na san haka, kuma duk da haka na shigo da takardar. Na ba ta haƙuri. Mun shirya cewa mako mai zuwa ni zan koyar da ajinta, ita ta zauna a baya da biro, ta rubuta duk abin da ta gani. Haka zan yi a duk azuzuwa shidan kafin in sake kallon darasin kowa.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Mun gama gwajin farko. Tsarinsa mun aro shi daga ƙungiyar Pratham ta Indiya, wadda tun 2005 take bi gida-gida tana gwada karatun yara da takarda guda. Matakai biyar ne: wanda bai san harafi ba, mai harafi, mai kalma, mai ɗan gajeren sakin layi, da mai karanta labari. Mun yi kati biyu, na Hausa da na Faransanci. Yaro ɗaya yana cin kamar minti biyar, kuma ajin da ya haura tamanin sai da ya ci mana yini uku. Na dage cewa malamin ajin ne zai riƙe katin, ni in zauna a gefe. Da na ɗauko ɗaliban makarantar horon malamai da an gama da wuri, amma da malamin bai ji da kunnensa ba.

Abu biyu ba zan manta ba, duka a ajin CE1 na cikin gari.

Akwai yarinyar da mushen ajin yake kira mai ja mana baƙi, don ita ce muryarta ke fita kafin ta kowa. Ya kira ta da fara'a, yana cewa in zuba ido. Ta karɓi katin, ta dube shi, sai ta ɗago tana kallon bakinsa. Jira take ya fara ta ɗauka. Ya nuna mata kalma ta farko, ta yi shiru. Ya sauko kan haruffa, ta gane uku cikin biyar. Ya ɗauko littafin aji ya buɗe mata wani shafi, tana ganin hoton ta zubo shafin gaba ɗaya babu tuntuɓe, yatsarta tana kan wani layi daban. Yarinyar nan tana da kai sosai. Ta haddace littafi guda da kunne a harshen da ba a magana da shi a gidansu. Abin da ba a taɓa nuna mata ba shi ne cewa baƙaƙen nan su ne ke ɗauke da sautin.

Na biyun yaro ne daga can ƙuryar baya, wanda mushe ya ce kada mu ɓata lokaci a kansa. Katin Faransanci ya tsaya a kalmomi. Da aka ba shi na Hausa, ya bi shi a hankali, gaɓa-gaɓa, har ƙarshen labarin, ya kuma faɗi abin da ya faru da akuyar da ke ciki. Ba a taɓa koya masa rubutun Hausa a aji ba. Ya ce a wayar yayansa yake karanta saƙonni.

Mushe ya ajiye katin ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Tun CP yake gabana. Yau ne na fara jin muryarsa."

A duk azuzuwa shidan, rukunin da bai wuce harafi ba shi ne mafi girma, kuma kowane malami ya yi hasashen adadin da bai kai abin da ya samu ba. Wannan shi ne sakamakon farko na aikin nan, kuma a kan malamai yake magana kafin yara: amshin aji yana rufe wa mai koyarwa ido.

Alhamis, 12 ga Disamba

Sanyi ya sauka, hazo ya rufe duwatsun Birni. A azuzuwan zana yara suna zaune a kan buhu, ƙura tana shigowa ta ko'ina, kuma ba a kunna ko gawayi kusa da su. Tun gobarar Yamai da ta Maraɗi a 2021, inda yara ƙanana suka ƙone a irin waɗannan azuzuwa, babu direktan da ke wasa da wannan.

Jiya mun zauna da kwamitin iyaye na makarantar ƙauye don neman izinin awar yamma. Na yi ta bayani kan Indiya, da yadda masu bincike irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suka gwada raba yara bisa matakinsu suka ga yana aiki. Mutane suna saurare cikin ladabi. Sai wani dattijo, alaramman da yawancin yaran ke zuwa wurinsa da asuba, ya ce, "Malam, in na fahimce ka, so kuke kada a ƙara wa yaro karatu sai ya iya na baya." Na ce haka ne, Baba. Ya ce, "To ai mu ba a wanke allo sai yaro ya zo ya biya a gabana shi kaɗai. Mai babbaƙu yana nan, mai farfaru yana nan, mai izu goma yana nan, kowa da allonsa. Ku ne kuka ɗaure su da igiya ɗaya."

Na kwana da maganar nan. Tsarin da na je nema a Indiya, gindinsa yana cikin kowane zaure na garin nan. A tsangaya ma ana hayaniya, har ta fi ta lekol, amma akwai lokacin da kowane almajiri zai durƙusa gaban malam ya karanta nasa, kuma wannan lokacin ne ke yanke ko zai ci gaba. Mu a boko kalanda ce ke yankewa. In mako na tara ya zo, darasi na tara za a yi, ko da rabin aji yana mako na biyu. Akwai abubuwan tsangaya da ba zan kawo aji ba, bulala a gaba. Amma biyawa ɗaya-ɗaya za mu ɗauka, kuma da sunanta za mu kira ta, don iyaye sun san ta.

Sun ba da izini. Sharaɗinsu shi ne a saki yara kafin la'asar sakaliya, saboda ɗiban ruwa da dabbobi.

Asabar, 18 ga Janairu 2025

Mako uku ke nan da fara awar yamma. Muna haɗa CP da CE1 na kowace makaranta, a raba su uku: masu harafi, masu kalma, masu labari. Malamai biyu ne ga rukuni uku, don haka masu labari suna karanta wa juna, babba a cikinsu yana lura. Kayan aiki kwalin sukari ne da na shayi da aka yanka aka rubuta gaɓoɓi, sai ƙasa da tsinke.

Da Hausa muke farawa, kuma a nan ne aka samu turjiya. Wani uba ya zo har makarantar cikin gari ya ce wa direkta, "Hausa ai da ita aka haife shi. Na kawo shi ya koyi Faransanci ya samu aiki, ku kuma kuna mayar da shi gida." Ban ga laifinsa ba, don jarrabawa da takardar neman aiki duk da Faransanci ake yin su. Na roƙe shi ya zauna ya kalli awa guda.

Hujjarmu ita ce karatu sau ɗaya ake koyonsa. Yaron da ya gane cewa b da a suna ba da ba, ya haɗa ba da ki ya ji "baki" ya taɓa bakinsa, ya riga ya kama sirrin. Rubutun Hausa yana taimaka masa, don galibi harafi ɗaya sauti ɗaya ne. A Faransanci sautin o kaɗai ana rubuta shi o, ko au, ko eau, ga haruffan ƙarshen kalma da ba a furtawa, kuma in yaron ya yi sa'a ya furta daidai bai san abin da ya faɗa ba. Kaya biyu ne a kai ɗaya. Hausar ma tana da nata tarko, tunda ba ma rubuta tsawon wasali ko karin sauti. Ranar Talata rukunin masu kalma sun yi gardama kan "gari", wasu suna cewa na tuwo, wasu na zama. Madam mai rukunin ta bar su, sannan ta rubuta jimla biyu ta ce su raba gardamar da kansu. Wannan shi ne darasi mafi kyau da na gani tun da muka fara.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa, kuma yake sosa mini rai, shi ne a garin nan aka fara. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida da Faransanci a Nijar, a nan Damagaram, da Hausa. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. A Najeriya ma Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyarwa da Yarbanci na shekara shida a Ife tun 1970. Shekara hamsin da ɗoriya, kuma har yau ina tsaye a tsakar makaranta ina lallashin uba a kan abin da aka gwada kafin a haifi shi kansa.

Uban ya zauna har ƙarshe. Bai ce ya yarda ba. Yaronsa dai yana zuwa.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Na gama zagayen koyarwa a azuzuwansu, sun rubuta ni. Madam ta bakin gari ta cika shafi biyu. Daga ciki: na tambayi maza sau goma sha ɗaya, mata sau uku, kuma ban taka bayan aji ba ko sau ɗaya. Gaskiya ta rubuta. Tun daga ranar ƙofar ajinta a buɗe take gare ni.

Yanzu muna ɗaukar sautin darasi da waya, murya kawai, malamin ya saurara tare da abokin aikinsa ɗaya. Abin da muke ƙirgawa shi ne tsawon shirun da ke tsakanin tambaya da abin da malami zai yi bayanta. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta yi irin wannan a farkon shekarun 1970. Ta gano malamai suna jira kamar sakan ɗaya ne kafin su maimaita tambayar, ko su ba wani, ko su amsa da kansu, kuma sun fi gajen haƙuri da yaran da suka ɗauka marasa ƙoƙari. Da aka ja jiran ya kai sakan uku ko fiye, amsoshi suka yi tsawo, yaran da ba sa magana suka fara. Mu da muka saurari namu, sau da yawa babu ma shirun da za a ƙirga. Malami zai ce "ra… ƙu…", aji ya ƙarasa "mi". Tambayar da amsar a numfashi ɗaya suke fita.

Mushen CP na ƙauye ya ƙi yarda da farko. Ya ce, "Yaya, shirun sakan uku a ajin yara tamanin, hayaniya ce za ta cike shi." Yana da gaskiya, mun gwada mun gani. Mafitar daga wajensa ta fito. Ya tuna da dabarar allo da aka koya mana duka a makarantar horon malamai, wadda ake kira La Martiniyer: a yi tambaya, a buga tebur kowa ya rubuta, a sake bugawa kowa ya ɗaga. Ya ƙara mata abu biyu. Kafin bugun farko sai ya ce "alli a ƙasa, a yi tunani", ya ƙirga biyar a zuciyarsa. Bayan an rubuta kuma allon yana manne a ƙirji, don kada a kwafa daga maƙwabci. Da aka ɗaga, amsa tamanin yake gani a kallo ɗaya. Mun daɗe da sanin dabarar nan, sai dai mun mayar da ita ta lissafin ka kawai, kuma muna yin ta da gudu.

Na halarci tarukan horo da yawa, na kwana biyar a ɗakin taro, a ba da kuɗin zama, a watse. Ban tuna wanda ya canza mini hannu kamar shafi biyun Madam ba. Masu bincike a Amurka sun tattara nazari 60 a 2018 kan horon da ake yi wa malami a cikin ajinsa, ana kallo ana tattaunawa a kai a kai, suka samu yana gyara koyarwa sosai, kodayake ƙarfinsa yana raguwa in shirin ya yi girma. Wannan kashedin na ƙarshe ina riƙe da shi. Mu bakwai ne, mun san gidajen juna.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Gwaji na biyu. Sakamakon ajin CE1 na ƙauye ya yi tsalle har na yi murna kafin in yi shakka. Yaro na shida da ya zo ya faɗi kalmar ƙarshe ta katin tun ina juya shi. Na rufe kalmomin na nuna su a birkice, ya tsaya cak.

Mushen ajin ya kwafe katin a tablo, yana biya musu shi kowace safiya tun Disamba. Bai ɓoye ba. Ya ce ya ɗauka abin da ake so su iya ke nan. Ni na bar masa katin, ban kuma taɓa bayyana masa bambancin ma'auni da darasi ba. Har ila yau akwai tsoro a ciki: ya ga sakamakon ajinsa shi ne na ƙasa a Nuwamba, kuma ni na karanta shi a gaban sauran. Daga yau sakamakon kowane aji tsakanina da mai ajin ne.

Mun soke gwajin wannan aji. Mun rubuta sababbin kati uku masu nauyi ɗaya, suna jakata, kuma yaro ne zai zaɓi ɗaya a kife.

Alhamis, 20 ga Maris

Azumi ya yi nisa, zafi ya fara. Mun dakatar da awar yamma sai bayan salla. Masu labari sun cinye duk abin da muke da shi na Hausa, don haka kowane malami yana rubuta gajerun labarai biyu, a naɗe takarda ta zama ɗan littafi. An samu na jakin mai ruwa, na yarinyar da ta ɓata a Kasuwar Dole, da na Sarki Tanimun na Damagaram da ganuwar Birni.

Asabar, 12 ga Afrilu

A ƙarshen Maris aka fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Da maganar aka buɗe zaman yau. Na ce kafin mu yi nisa, kowa ya ɗauko biro, in yi mana shifta ta layi biyar.

Mun gyara tare, har da tawa. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ tana zuwa tana ɓacewa. Wani ya rubuta "ya na", wani "yana". An yi muhawara kan ƴ, wadda ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 ta tsayar, alhali littattafan da ke shigowa daga Kano suna sa y da ɗigon waƙafi a gabanta. Duk cikinmu mutum ɗaya ne aka taɓa koya wa rubutun Hausa a aji. Labaran da muka rubuta cikin azumi sai an sake bin su kafin su isa hannun yara. Malamin da ke jin harshe tun yana goye yana iya kasa koyar da rubutunsa, kuma wannan aiki ne na makarantun horon malamai, har da ta Askiya Muhammad da ke nan garin. Mu dai mun ware rabin awa a kowane zama don shifta.

Madam ta CP ta cikin gari ta ɗago wata magana da ta fi wannan nauyi. A ajinta akwai yara da Barbarci ake yi a gidajensu, a ƙauye kuma akwai ƴaƴan Fulani da Hausarsu ta kasuwa ce. Ta duba ta ga da yawansu suna cikin waɗanda suka maƙale a rukunin harafi. Ta ce, "Mushe, hujjar da muka ba uban nan, su ma tasu ce." Haka ne. In mun ce yaro ya fara da harshen da yake ji, ba mu da ikon tsayawa a Hausa don ita ce tamu. Abin da muka iya yi yanzu kaɗan ne: an zaunar da su kusa da yaran da ke jin harsunan biyu, kuma wata uwa ta yarda ta riƙa zuwa ran Laraba tana faɗa mana kalmomin Barbarci masu farawa da harafin da ake koyo.

Asabar, 10 ga Mayu

Gwaji na uku ya ƙare jiya, da sababbin kati.

A duk azuzuwa shidan rukunin da bai san harafi ba ya ragu ƙwarai, har a aji biyu ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Daga harafi zuwa kalma an samu motsi mai kyau. Daga kalma zuwa labari tafiyar tana da nauyi, kuma a ganina ƙarancin abin karantawa ne: littattafanmu na naɗi goma sha biyu ne, yara sun kusa haddace su. A katin Faransanci ana furta kalmomi fiye da da, amma in aka tambayi ma'ana sai shiru. Awar yamma ba ta koya musu jin Faransanci ba, kuma ba a gina ta don haka ba. Wannan aikin safiya ne, kuma sai mun taɓa shi.

Dole in rubuta abin da ke rage wa sakamakon nan nauyi, don kada wani ya ɗauke shi ya kai inda bai isa ba. Ba mu da azuzuwan kwatance, kuma yara sun ƙara wata shida na lekol ko da ba mu. Mu muka koyar, mu muka gwada. Na uku ya fi damuna. Zafin nan ya kai inda famfo ke yin kwanaki babu ɗigo, yara suna layin ruwa da jarka tun asuba, wasu kuma sun bi iyayensu cin rani. Da na jera sunayen waɗanda ba su zo gwaji ba kusa da sakamakon Nuwamba, yawancinsu daga rukunin ƙasa suke. Wani ɓangare na raguwar da nake murna da ita, rashin zuwa ne.

Ga kuma malamai. Ɗaya daga cikin ƴan kwantiraginmu kuɗinsa sun yi jinkiri, ya koma kabu-kabu da yamma, awarsa ta faɗi sau da yawa tun bayan salla. Ya zo yana ba ni haƙuri. Na ce masa ni ne zan riƙe rukuninsa ran Litinin da Laraba har a tashi hutu.

Abin da ke gaba: a zaman CAPED na ƙarshen wata, inda malaman makarantun yankin ke haɗuwa, mushen ƙauye zai nuna dabarar allo a ƙirji da yara na gaske, Madam kuma ta kunna sautin darasinta na Fabrairu da na Mayu. Su suka nemi yin haka. In an samu makarantu shida masu so, a Oktoba za a jefa ƙuri'a, uku su fara, uku su jira zango ɗaya, kuma malaman wata makaranta ne za su yi gwajin tare da mai aji.

Yarinyar nan mai jan baƙi tana rukunin kalma yanzu. Muryarta ta ragu a aji, tana bin layi da yatsa, a kan kalmar da take faɗa. Yaron ƙuryar baya kuwa yana cikin waɗanda ba su zo ba. An ce yana tura kurar ruwa wajen Garin Malam. Gobe bayan la'asar ni da mushensa za mu bi sawunsa, da kati uku a jaka da littafin Sarki Tanimun, sannan mu wuce gidaje huɗu da suka rage a jerin.